Lefen da Ya Tsiro Gemu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mata. Kwanakin nan ko kokon safe sai na tura shi da ƙyar yake wucewa, kuma a gidanmu babu wanda zan kai wa kukana, don duk wanda na duba ɗan uwan mai laifin ne. Shi ya sa na ce bari in rubuto muku. Ku yi haƙuri da tsawon maganar. Idan ban ɗauko ta daga tushe ba, cewa za ku yi ni ce ba ni da kunya.

Sunana Memuna, a unguwar Maamobi ta birnin Akara nake aure. Ɗana Ishaq, mai gyaran waya a Adabraka, zai auri Fa'iza, 'yar Alhaji Sayibu na Alajo. Yara sun ga juna sun so juna, manya sun sa albarka, an sa rana. Ni kuwa tun yaron nan yana koyon aiki nake tara masa lefe daga ɗan cinikin yaji da daddawa da nake yi a ƙofar gida. Bana atamfa, baɗi leshi, wata shekarar takalmi da jaka. Na jera su a akwatuna, na jingine su da bango a ɗakin ƙurya, ina shiga ina kallonsu in fito.

Da ruwan damina ya kankama, sai na fara jin wani wari a ɗakin, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Na ja akwati ɗaya, sai ga bango ya yi baƙi ɗigo-ɗigo tun daga ƙasa har wajen ƙuguna. Funfuna ce. Kayan dai lafiyarsu ƙalau, na duba. Na ce to, abin da na ga uwata tana yi shi zan yi: in fitar da akwatunan su sha rana, in goge bangon da sabulu da ruwan bilic, in bar taga a buɗe iska ta ratsa.

Na ɗauko buroshi ke nan sai na ji sallama. Yaya Jibirilu ne, wan maigidana.

A nan Akara, wanda ya je Turai ya dawo boga muke ce masa, kuma Yaya shi ne bogan danginmu. Ya je Hambog ta ƙasar Jamus. Ko ya daɗe a can ko bai daɗe ba, wannan kowa da abin da yake faɗa, amma ya dawo da wata ƙatuwar rigar sanyi mai gashi a wuya, kuma da ita yake zuwa Juma'a ko da rana tana narka kwalta. Ni a wurina wan miji uba ne. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ɗaga ido na ce masa a'a ba.

Ya leƙa ɗakin, ya shaƙi iska, ya girgiza kai.

"Amaryarmu, me za ki yi da buroshin nan?"

Na durƙusa na ce, "Yaya, funfuna ce. Zan goge in buɗe taga."

"Taga!" Ya juya ya dubi maigidana da ke zaune yana gyara rediyo. "Musah, ka ji abin da ya hana mu ci gaba. Funfuna ta ina take shigowa? Ta iska. Ita kuma za ta buɗe mata taga ta ce bismillah. A Jamus an gama da funfuna tun ba a haife ku ba. Ni da hannuna na kashe ta a bene mai hawan da in ka leƙo ƙasa sai ka ga mota kamar kyankyaso."

Na dubi maigidana. Bai ɗago daga rediyon ba ya ce, "Yaya ya ce."

Washegari Yaya ya iso da gwangwanin fentin mai, ragowar da ya karɓo a wurin wani mai fesa motocin tasi a Kawukudi, ruwan ɗorawa, launin tasin garin nan. Bai goge bangon ba, bai bar shi ya bushe ba. Ya ce idan ka goge ta ka ba ta labari ke nan, mamayarta ake yi. Ya shafe baƙin nan kaf, ya shafi ƙofa, ya shafi gefen sallayata.

Suweiba, maƙwabciyarmu mai koko da ƙosai, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta leƙo ta riƙe ƙugu.

"Ei, Mman Ishaq! Ɗakinki ya zama tasi? Nawa ne zuwa Nima?"

Yaya ya ce, "Ke je ki ga ƙosanki kada ya ƙone."

"Ƙosaina yana lafiya, Boga. Amma tankin ruwan da ka ɗora musu bara, bututunsa yana tsiyaya a bayan bangon nan dare da rana. Kajina har wanka suke yi a wurin."

"Aikin da na yi ba ya yoyo. Gumi yake yi."

"Saa? Haka ne? To Allah ya ba shi lafiya."

Ba a jima ba fenti ya fara kumbura. Bango ya yi ƙuraje manya-manya kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Na aika aka kira Yaya. Ya zo ya sa yatsa ya latsa ɗaya, ta fashe, baƙin ruwa ya gangaro masa har cikin hannun riga. Ya duba, ya yi murmushi.

"Kin gani? Kuka take yi. Ta ji jiki. Yanzu saura mu gama da ita."

Gamawar ita ce ya sayo baƙar leda ya toshe tagar, ya bi gefe-gefe da salatif, ya cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofa. Ya ɗauki kurfotina ya cika shi da gawayi, ya aro babbar tukunyar kokon Suweiba, ya ce mata baƙi za a dafa wa shayi. Ya cika ta da ruwa da ganyen darbejiya, ya kai tsakiyar ɗaki ya ɗora.

Na ce, "Yaya, a gafarce ni, ba ruwa ne ya kawo ta ba?"

"Ruwan sanyi ne ya kawo ta. Wannan ruwan zafi ne. Bature da tiriri yake kashe komai. Sawuna suke ce masa. Ba za ki gane ba."

Daga nan ya buɗe akwatunan lefe duka, ya ɗaɗɗaga atamfofin yadda tiririn zai shiga tsakaninsu. Na ce ko in fitar da su tukuna. Ya ce idan na fitar da su, 'ya'yan funfunar da suka ɓuya a ciki za su tsira. Na ruga wurin maigidana, na same shi yana alwala. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Na ce ni ba rimi na hau ba, ɗakina na shiga. Ya ce, "Memuna, Yaya ya ce."

Yaya ya shiga da rigar sanyinsa ya kulle kansa, wai sai an tsaya a kan aiki. Muna tsakar gida muna jin tukunya tana ɓararraka. Can sai hayaƙi ya fara fitowa ta saman kwano. Can kuma sai muka ji tari. Sai muka ji ana dukan ƙofa daga ciki, amma tsummokin da ya cusa sun jiƙe sun kumbura, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Wata mata da ta zo sayen daddawa ta ɗaga kai ta ga hayaƙi, ta kurma ihu, "Gobara! Gobara a gidan Musah!"

Kun san Maamobi. Gida yana jingine da gida, wuta in ta kama ɗaya ta kama layi. Samarin da ke zama a bakin lungu suna shan shayin ataya suka watsar da kofunansu suka yo cikin gida. Suka yashe jarkokin ruwan da Suweiba ta saya don kokon gobe, suka ɗebi na randata, wani ma ruwan da na jiƙa wanki ya sura. Aka banke ƙofa. Yaya ya faɗo waje da rarrafe, idanu jawur, yana ɗaga hannu yana son ya ce a tsaya, tari ya hana shi. Shi aka fara sheƙa wa bokiti. Sauran kuma aka watsa cikin ɗaki, inda akwatuna ke buɗe baki.

Da tiriri ya lafa, samari suka leƙa suka ga tukunya a kan kurfoti. Ɗayansu ya ce da yaren samarin Akara, "Chale, Kawu Boga, girki kake yi a ɗakin mata?"

Suweiba ta kutsa ta ga tukunyarta ta yi kore da darbejiya. Ta ce, "Wannan ne shayin baƙin? Gobe duk wanda ya sha kokona ya ji ɗaci, gidanka zan turo shi."

Yaya ya zauna a kan turmi, ruwa yana ɗiga daga gashin rigarsa, ya ce, "Saura ƙiris. Wallahi saura ƙiris da ta mutu. Jahilci ne ya cece ta."

Ni dai kayana nake tattarawa. Sun jiƙe, amma ba su lalace ba. Na ce alhamdulillahi, gobe in shanya su a igiya, an wuce wurin. Sai Yaya ya miƙe ya ce haram. Lefe a igiya? Duk mai wucewa ya ƙirga wa amarya zannuwa tun ba ta gani ba? Ina mutuncin gidanmu? Kuma ga iska, ita ce fa abokiyar gaba. Nan kam ya taɓa ni, don ni ma ba na son a ga lefen kafin ranarsa. Na ƙyale shi, abin da har yau nake cizon yatsa a kai.

Ya matse kayan da hannu, ya ninke, ya mayar cikin akwatuna da danshinsu. Ya kawo farar leda mai naɗi, irin wadda ake naɗe kayan matafiya da ita a filin jirgi, ya yi ta zagaya kowane akwati har ya koma kamar dunƙulen dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Ya ce kada wanda ya taɓa sai ranar kai lefe, kuma shi kaɗai ya san inda ake yankawa.

Kamar da gayya, washegari rana ta fito. Ta yi ta fitowa. Duk matan layinmu suka baza katifu da tabarmi a waje, ni kuwa ina zaune ina kallon akwatuna a ɗaki mai toshe. Wata rana na ga ɗigon ruwa a cikin ledar, ta ciki. Na gaya wa Yaya.

Ya ce, "Gumi ne. Gumi alamar lafiya."

Suweiba ta ce daga bayan katanga, "Gidan nan komai gumi yake yi, sai mai aikin."

Ranar kai lefe ta zo. Uwar ango ba ta zuwa, kun sani, kunya ce. Ƙannen maigidana mata da Suweiba da wasu maƙwabta suka yi kwalliya, aka yi guɗa, aka ɗora akwatuna a kai har bakin titi, aka shiga tirotiro, motar haya, sai Alajo. Yaya ya bi su da rigar sanyi da wuƙa a aljihu. Aka ce masa maza ba sa zuwa kai lefe. Ya ce shi ba a matsayin namiji zai je ba, a matsayin injiniya.

Suweiba ta yi mini alkawari za ta kira ni ta bidiyo in ga komai. Ta cika alkawari, Allah ya yafe mata.

Na ga tsakar gidan Alhaji Sayibu cike da mata a kan tabarmi. A tsakiya ga Hajiya Lailatu, gwaggon amarya, wadda ita ke karɓar lefe a danginsu, mace mai tabarau da zoben zinariya, wadda ake cewa da ido take gane atamfa ta gaske daga ta jabu. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Yaya ya shigo da sallama, ya tsuguna, ya yanka ledar akwatin farko, ya ja da baya ya ce, "Bismillah, Hajiya. Aikin Jamus."

Hajiya ta ɗaga murfi.

Ni wari ba ya zuwa ta waya, amma na ga matan layin gaba sun ja mayafi sun rufe hanci a tare, kamar an ba su umarni. Hajiya ta yi atishawa. Ta sa yatsu biyu ta ɗago farin leshin da na fi ji da shi. Ba fari ba ne yanzu. Ya yi kore, ya yi toka-toka, ya yi gashi. Ta ajiye. Ta ɗago takalmi, ya tsiro gemu fari tas, gemun da ya fi na limaminmu tsari. Ta buɗe jakar hannu ta leƙa, ta daɗe tana kallon ciki, ta rufe a hankali kamar kada ta tashi wani daga barci.

Daidai nan waya ta tsaya cak, hoton Hajiya ya daskare da baki a buɗe. Na yi ta girgiza wayar. Da ta dawo, muryar Yaya na ji.

"Hajiya, ai sabon yayi ne. A Hambog mata layi suke yi a kan irin wannan. Mai gashi-gashi. Ba a kawo shi Gana ba tukuna."

Hajiya ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Malam, kai ne wa?"

"Wan uban ango. Jibirilu. Boga."

"To Malam Boga, tunda yayi ne, ga shi na ba ka. Ka kai wa tela ya ɗinka maka, ka sa ranar ɗaurin aure. Zai dace da rigarka."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "A tambaye shi takalmin, aski za a kai shi ko suna za a raɗa masa?"

Aka fashe da dariya, har da 'yan rakiyarmu. Na ji muryar Suweiba ta fi ta kowa, hoto yana ta rawa. Yaya ya ce ba a fahimce shi ba, a buɗe na biyu a gani. Hajiya ta ce kada a buɗe, akwai masu ciki a wurin.

Akwatunan da suka fita da guɗa suka dawo da la'asar a kan kawunan da suka kai su, ba guɗa. Daga bakin titi har ƙofarmu babu wanda bai fito kallo ba.

Hajiya Lailatu, Allah ya saka mata, ba ta tayar da magana ba. Ta kira ni da kanta ta ce, "Memuna, na ga kayan, na san hannun da ya tara su ba shi ne ya naɗe su ba. Ki wanke abin da zai wanku ki dawo da shi. Maza ba sai sun ji ba." Ta hana kowa gaya wa Alhaji Sayibu. Abin da ya sani kawai shi ne an ɗan sami jinkiri.

Muka yi gayya. Muka karkaɗe kayan a waje, muka wanke da sabulu da lemon tsami, muka ɗaura igiya daga ƙofarmu har ta masallaci. Lefen da aka ce kada ido ya gani, Maamobi kaf ta gan shi yana kaɗawa a iska, har da abin da ba a faɗa. Atamfofi sun dawo. Leshin da takalman da jakar sai haƙuri. Na yage ledar taga, na kankare fentin tasi, na goge bango kamar yadda na yi niyya tun farko. Ishaq ya zagaya baya ya canza bututun tankin da ke gumi. Bango ya bushe ƙarau. Na sa katako a ƙasa na ɗora akwatunan nesa da bango, da suka sha iska aka mayar da su Alajo a tasi, shiru, ba guɗa.

Na ce tsugune ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba.

Alhaji Sayibu ya ba yaran ɗaki a gidansa su fara zama kafin su sami nasu. An riga an shigar da lefen, da katifa sabuwa, da kayan ɗakin da uwar Fa'iza ta tara mata. Ɗakin yana ɓangaren kwata, kuma kun san Alajo da ruwa. A kusurwa ɗaya an ga ɗan baƙi-baƙi.

Ranar Juma'ar da ta wuce Yaya ya haɗu da Alhaji a masallaci. Ya ba shi labarin benen Hambog. Ya ce ya taɓa gwada aikin a Maamobi, saura ƙiris, mata suka ɓata shi da buɗe taga. Alhaji mutumin kirki ne, bai san komai ba, ya ce ai abu ya zo gida, me ya fi wannan? Ya ba shi mabuɗin ɗakin. An ce an ga Yaya a Kawukudi da gwangwani.

To ku duba mini. Alhaji Sayibu surukina ne, ko a hanya muka haɗu sai in kauce, da wane baki zan je in ce masa wan mijina zai dafa masa ɗaki? Hajiya Lailatu ta tafi ta'aziyya wani ƙauye a arewa, wayarta ba ta shiga. Ishaq ya ce shi ba zai iya tona asirin baffansa a gidan surukai ba tun ba a ɗaura ba. Na gaya wa maigidana, kun san abin da ya ce. Suweiba ta ce in ba ta izini kawai, yanzu ta ɗauki mayafi ta tafi Alajo. Amma bakin Suweiba idan ya buɗe, ban san ko auren zai kai ranarsa ba. Idan kuma na yi shiru, wannan karon ba lefe kaɗai ba ne, har da katifa da kayan uwar amarya, kuma babu wata Hajiya da za ta sake rufa mana asiri.

In saki Suweiba? In yi ta maza in je da kaina, a ce matar Musah ta zubar da mutuncin wan mijinta a gidan surukai? Ko akwai wata dabara da ban hango ba?

Don Allah ku amsa mini da wuri. Yanzu haka ina jin muryarsa a tsakar gida yana tambayar ko wa ya ga kurfoti. Na lulluɓe shi da zane, a kansa nake zaune ina rubuta muku wannan, kuma an kusa kiran sallah.